Amarya ta ce ba ita ba ce a hoton bikinta

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a Samaru, gidanmu yana Tudun Wada. Bara na sayi kyamarar Canon ta hannu da ɗan abin da na tara, ina ɗaukar ƙannena da ƙawayena, kowa yana yabawa. Da bikin 'yar gwaggona ya tashi a cikin birni, wajen Ƙofar Doka, sai aka ce tunda ga 'yar gida ba sai an ɗauko mai hoto daga waje ba. Tun daga kamu har kai amarya ina tsaye da kyamara, ban karɓi ko sisi ba, na kuma hana idona barci wajen gyaran hotunan. Da na tura mata sai ta yi shiru. Daga baya na ji ta gaya wa ƙanwata wai ba ita ba ce a hotunan, wai waɗanda mai kwalliya ta ɗauka da waya sun fi nawa. Gwaggo kuma tana ta mita ba ta ga hoton kakarmu ko ɗaya ba. Ni a ganina kwalliyar ce ta yi yawa, iya ƙoƙarina na yi don ta fito da kyau. Yanzu wata guda ke nan ba ma magana. Ga hotuna biyar na turo miki, ki gaya mini gaskiya, laifina ne ko rashin godiya ne? Sannan akwai wani bikin a dangi ƙarshen shekara, in karɓa ko in rataye kyamarar? Daga ƙanwarki ta Tudun Wada.

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Tunda gaskiya kika nema, to amarya ta fi ki gaskiya. Ba ta kyauta ba da ta kai maganar wurin ƙanwarki maimakon ta same ki, kuma wahalar da kika sha ta cancanci godiya ko da hotunan ba su yi ba. Amma abin da ta faɗa haka yake, a hoto na uku ba ita ba ce. Zan zo kansa.

Akwai abin da ya fara tsaya mini tun kafin in duba haske ko launi. Biyu daga cikin hotunan nan amarya tana ɗakin mahaifiyarta ne, ba mayafi, kuma ba ki ce kin nemi izininta kafin ki turo mini ba. An bar ki kin shiga ɗakin nan ne don ke mace ce kuma 'yar gida. Da namiji aka ɗauko, a zaure zai tsaya sai an shirya an yi masa iso. Wannan damar ita ce babban jarinki a sana'ar nan, ta fi kyamarar tsada, domin a Zariya gidaje da yawa suna neman macen da za ta ɗauki sa lalle da kamu ba tare da an takura kowa ba. Ranar da aka ji hoton wata ya fita ta hannunki, ƙofofin nan za su rufe, kuma a cikin birni magana ba ta kwana a gida ɗaya. Ba zan buga hotunan ba, na kuma goge su bayan na gama dubawa. Nan gaba duk wanda za ki nuna wa aikinki don ya gyara miki, ki fara tambayar mai fuskar.

Hoto na farko, wanda take zaune a bakin gado, shi ne kika ɗora wa mai kwalliya laifinsa. Fuskar ta fito fari fat kamar an watsa mata toka, wuya da hannu kuma baƙaƙe, ga wata inuwa mai kauri a jikin bango bayanta. Kin harba mata filasha ne kai tsaye daga saman kyamara. Wasu hodojin kwalliya, musamman farar hodar da ake danne kwalliya da ita a ƙarƙashin ido, suna ɗauke da sinadaran da ke mayar da haske, irin su silika. A ido ba a ganin komai, amma da filasha ta doke su sai su yi ƙyalli su dawo wa kyamara. To kin ga mai kwalliya tana da nata kason, sai dai ke ce mai riƙe da hasken. Da kin ɗauki gwaji ɗaya tun tana tsakiyar aikinta kin nuna mata a allon kyamara, da ta rage hodar nan take. Kuma a gefen hoton ina hango taga da labule a sake. Da kin ɗage labulen, kin kashe ƙwan lantarkin ɗakin, kin juyo da amarya hasken tagar ya sauka a gefen fuskarta, ba ki da buƙatar filasha sam. Idan ɗaya gefen ya yi duhu da yawa, ƙawa ɗaya ta riƙe farin zanen gado ko farin kwali daga can, hasken zai dawo a hankali ya cike inuwar. In dare ne dole sai da filasha, ki nemi irin wadda ake ɗorawa a saman kyamara mai juya kai, ki harba ta sama ta doki farin silin ta sauko. Ki lura dai, in silin ɗin ko bangon mai launi ne, launinsa zai sauka a fuskar.

Abin da mai kwalliya ta fi ki da shi ke nan, ba waya ba. Su kullum aikinsu fuska ne, sun san su tsayar da mace tana fuskantar ƙofa ko fitilarsu mai zobe kafin su danna. Ki daina jin haushinta, ki je ki tsaya kusa da ita ki ga inda take ajiye mutum.

Na biyu shi ne na tsakar gida da ango, bayan ɗaurin aure. Daga gajartar inuwarsu a ƙasa na san rana tana tsaka. Zariya tana wajen digiri 11 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka da tsakar rana, rana kusan a tsakiyar ka take a mafi yawan shekara. Hasken yana saukowa daga sama, goshi da karan hanci su yi ƙyalli, ramin ido ya zama duhu, hular ango ta rufe masa rabin fuska, su biyun suna ta kanne ido. Sannan ga babbar rigarsa farar shadda ta cinye rabin hoton. Na'urar auna haske da ke cikin kyamara ba ta san wannan shadda ce wancan mutum ne ba. Duk abin da ta gani tana ƙoƙarin mayar da shi tsaka-tsaki ne, toka-toka. Da ta ga farin ya yi yawa sai ta rage haske, shaddar ta yi dishi-dishi, fuskar amarya ta nutse. Akwai maɓalli a kyamararki mai alamar +/-. A irin wannan hali ki ɗaga shi zuwa +1 ko ƙasa da haka kaɗan, ki duba fuskar, ki kuma duba kada aikin zaren da ke gaban rigar ya ƙone ya ɓace. Ko ki sa kyamarar ta auna haske a ɗigo ɗaya, ki ɗora ɗigon a kuncin amarya. Amma abin da ya fi duka sauƙi shi ne ki ce su matsa taku uku zuwa inuwar baranda ko bakin zaure. Kada dai ki kai su ƙarƙashin rumfar taro mai launin ja ko shuɗi, don launin yana zuba a fata, kuma cire shi daga baya aiki ne ja.

Ki san kuma cewa wannan wahalar ta girme ki. Tun a shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka yake raba wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton Baturiya, ana ce masa katin Shirley, da shi ake daidaita launi a injin. Sai a shekarun 1990 aka fito da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. A 2021 ma kamfanin Google ya fito da wani tsari a wayarsa ta Pixel 6 musamman don gyara yadda kyamara ke ɗaukar baƙar fata, kuma wayoyi irin su Tecno sun samu kasuwa a ƙasashenmu har da dalilin sun kula da wannan tun da wuri. In kika bar kyamara a kan ta yi wa kanta hukunci, ba lallai ta yi wa fatarmu adalci ba. Ke za ki gaya mata abin da kike so.

Yanzu na uku, wanda na tabbata shi ne ya jawo shirun nan. Shi ne kika fi ɓata wa lokaci, kuma na san shi kika fi alfahari da shi. Na ajiye shi kusa da na biyar, wanda ba ki taɓa ba, na yi ta kallo. A na ukun kin haska fatarta sosai, kin goge ta har ba sauran ramin gashi ko layin murmushi, kin matse hancin, kin ƙara wa idon girma, kin kuma share tawadar Allah da ke gefen leɓenta. Hannun da ta ɗora a ƙirji kin manta da shi, yana nan da launinsa na asali, sai abin ya zama kamar an ɗora kan wata a jikin wata. Jan lallen da ke yatsun da haskawar ta ɗan shafa ya koma ruwan lemo. Aikin kansa da tsafta, hannunki ya iya. Sai dai kin zama telan da aka ba ɗinkin amarya, ya zuba aiki mai kyau, amma da awon wata.

Ki tsaya ki yi tunanin abin da ta ji lokacin da ta buɗe shi. Kun taso tare, kin san fuskar nan tun tana yawo ba ɗankwali. A ranar da ta fi kowace rana son a ce ta yi kyau, sai ga 'yar uwarta ta zauna ta bi fuskar gaɓa-gaɓa ta canza launi, ta canza hanci, ta cire abin da aka haife ta da shi. Ke gyara kika nufa. Ita abin da ya iso mata shi ne, ashe duk waɗannan a wurinki aibi ne. Ba za ta iya faɗa miki haka ba, shi ya sa ta ce ba ita ba ce ta yi shiru. Ki ƙara da cewa hoton nan dangin miji za su gani, mutanen da yanzu suke koyon fuskarta. Wace amarya ke son facalolinta su kalli firem a bango su kalle ta su yi murmushi?

Na san abin da za ki ce, ai kowa haka yake yi, ai amare da kansu ke cewa a haska su. Gaskiya ne wasu suna nema, kuma Instagram ya cika da fuskokin da ba a iya bambanta ta Kano da ta Kaduna. In amarya ta nema da bakinta, wannan fuskarta ce da kuɗinta, ki yi mata daidai gwargwado, ki kuma haɗa mata da na asalin, don bayan shekara goma na asalin za ta nema ta nuna wa 'ya'yanta. Amma wannan ba ta nema ba. Ƙa'idar da nake ba duk mai koyon gyaran hoto ita ce, abin da zai tafi da kansa cikin mako biyu kina iya cire shi ba tambaya: ƙurjin da ya fito daren biki, gumi, jambakin da ya taɓa haƙori, zaren da ya maƙale a mayafi. Abin da zai kasance tare da ita baɗi, launinta, tawadarta, wushiryarta, zanen fuska in tana da shi, tabon da ta yi tun yarinta, wannan ba naki ba ne. Ba a taɓa shi sai da izini.

Kuma in kin lura, duk abin da kika gyara a kwamfuta, ɓarnar da aka yi ne lokacin ɗauka. Kin haska ta don kyamara ta duhunta ta. Kin goge fatar don filasha ta fito da kowane ƙyalli. Hancin ma ba haka yake ba, na huɗun ya nuna mini dalili. Gilashin gaba da ya zo da kyamararki, wato lens, irin mai lamba 18 zuwa 55 ne, kin bar shi a wajen 18, inda yake ɗauko fili mai faɗi, kika matso dab da fuskarta. Duk abin da ya fi kusa da kyamara girma yake yi, a fuska kuwa hanci ne a gaba, kunne a baya. Sai hancin ya kumbura, goshin ya faɗaɗa, goggoron ya koma ɗan mitsitsi. Ki ja baya kamar mita 2, ki murɗa gilashin zuwa 55, fuskar za ta zauna yadda ido ya san ta. In kuɗi ya samu, gilashin 50mm mai buɗewar f/1.8 yana cikin mafi arha da Canon ke yi, yana shan haske a ɗaki mai duhu, yana kuma narkar da abin da ke bayan mutum. Ki saye shi kafin ki yi tunanin canza kyamara. Ki kuma sa saitin gani a kan idon da ya fi kusa da ke, don a na huɗun sarƙar wuyanta ce ta fito tar, idon ya yi hazo.

A na huɗun nan dai kin yanke mata yatsu a ƙasan hoton. Matar da ta zauna awanni ana zana mata lalle, ta kwana hannu a sama, ba a yanke mata yatsu. Ko ki shigo da hannun gaba ɗaya, ko ki bar shi gaba ɗaya ki yi masa hotonsa daban. Bayanta kuma ga bokitin roba, ga igiyar shanya ta ratsa ta daidai kunnenta. Gidan biki ba ya rabuwa da tarkace, ba wanda zai share miki, don haka kafin ki danna ki zagaya da idonki kusurwa huɗu na hoton. Seydou Keïta, mai hoton Bamako da ya buɗe shagonsa a 1948, yawancin hotunansa da yau ake rataye su a manyan gidajen tarihi na duniya a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana, kuma abin da ya fara shimfiɗawa a bayan mutane zanen gadonsa ne. Atamfa ɗaya daga cikin lefe, ƙawaye biyu su riƙe ta a baya, ta ishe ki rufe bokitan gidan duka. A cikin birni ma ba sai kin wahala ba, tsohon bangon ƙasa ko ƙofar zaure mai zane sun fi duk wani labulen roba da ake haya.

Na biyar kuwa, wanda kika sa a ƙarshe kamar ba ki ɗauke shi a bakin komai ba, shi ne hoton bikin. Gwaggo tana gyara mata mayafi a bakin ƙofa, amarya ta sunkuyar da kai, hasken yamma ya shigo ta gefe ya kwanta a kuncinta, launinta ya fito yadda yake, mai sheƙi. Ba filasha, ba gyara. Ya ɗan karkace, an kuma yanke gwiwar hannun gwaggo, amma ba wanda zai kula. Ba su san kina wurin ba. Wanda ya ga wannan lokacin ya danna kafin ya wuce yana da ido, kuma ido shi ne abin da ba a koyarwa da sauƙi. Saboda wannan hoton kaɗai nake ce miki kada ki rataye kyamarar.

Maganar kaka ba ta da kwana-kwana, gwaggo tana da gaskiya. 'Yan mata da anko sun ɗauke miki hankali, tsohuwa tana ƙuryar ɗaki ba ta fito ba, ke kuma ba ki shiga ba. A hotunan biki, na tsofaffi ne darajarsu ke ƙaruwa kowace shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya, tun kafin biki ake zama da uwar amarya a rubuta sunayen waɗanda dole a ɗauka, a kuma samu wata 'yar gida da ta san kowa ta riƙa jawo su. Tunda Allah ya sa kaka tana raye, wannan mai gyaruwa ne.

Ga abin da za ki yi. Ki koma kan hotunan asali, waɗanda ba ki taɓa ba, ina fata ba ki goge su ba. In kin ɗauka da tsarin RAW, wato wanda kyamara ke ajiye hoton ɗanye ba tare da ta sarrafa shi ba, za ki iya ɗago hasken fuska a na tsakar gidan ba tare da launin ya lalace ba. In JPEG ne ma, wato irin hoton da aka saba wanda kyamara ta riga ta matse, za a samu wani abu, sai dai kada ki matsa masa. Ki zaɓi kamar 30 mafi kyau, ki gyara haske da karkata kawai, ki riƙa gwada launin fuska da na hannu, in sun rabu kin wuce gona da iri. Na biyar ɗin ki kai a wanke miki shi babba a sa a firem. Ki ce wa mai wankin kada ya ƙara masa haske, don wasu suna yi ba a tambaye su ba.

Sannan ki taka ki je gidanta, zumunci a ƙafa yake, kada ki yi wannan maganar a waya. Ki zaɓi lokacin da ba baƙi. Kada ki ɗauko zancen mai kwalliya, kada ki ɗauko zancen ba a biya ki ba, kada ki ɗauko abin da ta gaya wa ƙanwarki. Ki miƙa mata firem ɗin ki ce, 'yar uwa, na zaƙe a gyaran nan, fuskarki ba ta buƙaci abin da na yi mata ba, ga na asalin ki zaɓa da kanki. Ki ba ta wayar ko kwamfutar a hannunta ki yi shiru. Wanda ta tsaya a kansa da wanda ta wuce da sauri za su koya miki abin da ni ban isa in koya miki ba. In ta saki jiki, ki ce in ita da maigidanta sun yarda, ta sake sa kayan wata ranar, ku je gidan gwaggo da misalin ƙarfe 5 na yamma lokacin da rana ta yi sanyi, ki ɗauke ta da kaka. Lallen ya riga ya koɗe, ba kuma zai zama ranar biki ba, kada ki yi mata alkawarin haka. Amma za ta samu hoton da za ta rataye ba tare da ta yi wa kowa bayani ba. In za ki tura mata ta WhatsApp, ki tura a matsayin fayil, don in kika tura yadda aka saba manhajar tana matse hoton, in an zo wankewa ya farfashe.

Batun kyauta kuma, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ke kuwa ko ladan ba ki ci ba aka ɗora miki askin. Nan ne dangi suka yi miki ba daidai ba. Sun ɗora wa mai koyo nauyin ranar da ba ta maimaituwa don su rage kashe kuɗi, ke kuma daɗin yabo ya hana ki ce ban kai ba tukuna. Aikin kyauta a cikin dangi ya fi na kuɗi haɗari, domin ba a faɗin abin da ake tsammani, kowa yana ganin shi ya yi wa wani alfarma. Bikin ƙarshen shekara ki karɓa, amma da sharaɗi, kuma ki faɗe shi a gaban manya. A ɗauko gogaggen mai hoto ya riƙe ɗaurin aure da taron dare, ke ki riƙe ɓangaren mata, wato lalle, kamu, shirin amarya da tsofaffi. A ba ki ko da kuɗin mota da na wanki ne. A faɗi hoto nawa za ki bayar da ranar da za ki bayar. Ki tambayi amaryar tun yanzu irin gyaran da take so, ki ɗauke ta gwaji mako ɗaya kafin biki ki nuna mata. Ki tanadi batir biyu da katin ajiya biyu, kuma duk daren da kika dawo ki kwafe hotunan wuri biyu kafin ki kwanta. Wajen rawa da liƙi kada saurin ƙiftawar kyamara ya yi ƙasa da 1/200 na sakan, ki ɗaga ISO, wato saitin ƙarfin jin hasken kyamara, ko da zuwa 1600 ne ko 3200, hoto mai ɗan yashi-yashi ya fi wanda ya jirge. Lokacin hunturu ne, hazon zai tausasa miki rana, wannan riba ce, amma ƙurar tana shiga ko'ina, kada ki cire gilashin kyamara a tsakar gida.

Kafin lokacin ki nemi wanda zai riƙa duba aikinki da gaske. Ƙawayen da ke cewa kai, ya yi kyau, suna ƙaunarki ne, ba duba hoton suke yi ba. Kina Samaru, inda ake koyar da zane tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A makarantar da ta zama jami'ar ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, kuma har yau sashen yana nan cike da mutanen da aikinsu ke nan kallon haske da inuwa. A Sabon Gari ma akwai tsofaffin masu shagon hoto da suka yi zamanin fim, lokacin da ba a ganin hoto sai an wanke, dole mutum ya daidaita haskensa tun kafin ya danna. Ki je da hotunan ƙanwarki da kika ɗauka da yardarta, kada ki tambaye su ko ya yi kyau. Ki ce ina hasken ya fito, me ya fara jan idonku, me ya kamata in cire. Duk wanda ya bar hoton ya koma kan hancin yarinyar ko ƙibarta, ki tattara kayanki, ba malaminki ba ne.

In kuma kin je amarya ba ta sauko ba a ranar, kada ki ja maganar. Ki bar mata firem ɗin da hotunan a kati, ki gaya mata kin goge waɗanda kika canza, ki kuma goge su da gaske. Kada ko ɗaya ya hau shafinki sai ta ce ki sa. Ki gaida gwaggo, ki tambaye ta ranar da kaka ta fi jin ƙarfin zama. Allah ya daidaita tsakaninku.